Zaman Da Babu Mai Cewa A'a

Duk lokacin da aka ji wani matashi ya faɗa tsattsauran ra'ayi, tambayar farko ita ce: wa ya hure masa kunne? Sai a shiga neman wani malami, ko baƙon da ya shigo gari, ko kuɗin da aka turo daga waje, ko ƙwaya. Wani lokaci akan samu ɗaya daga cikinsu. Amma tambayar tana ɗauke da zaton cewa dole akwai mugu guda, sauran kuma yaudarar su aka yi. Abin da binciken sama da shekara 60 ya nuna ya fi haka tayar da hankali. Mutum goma masu hankali, waɗanda dama sun ɗan karkata gefe ɗaya a kan wata magana, idan suka zauna su kaɗai suka tattauna ta, galibi za su tashi sun ƙara nisa a wannan gefen. Ba sai wani ya yi ƙarya ba, ba kuma sai da jagora ba. A ganina mun daɗe muna farautar masu hure kunne, mun bar yadda ake zaman kansa, alhali a nan aikin yake gudana.

Gwada abin ba shi da wuya, malamin aji ma zai iya. Ana ba kowa takarda ya rubuta matsayinsa a ɓoye, a ce daga 1 zuwa 10. Sai a haɗa masu matsayi kusa da juna rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida, a ba su kamar minti 15 su tattauna. Bayan nan kowa ya sake rubutawa, shi ma a ɓoye, sannan a kwatanta takardun farko da na biyu.

James Stoner ne ya fara cin karo da abin a 1961, yana ɗalibin digiri na biyu a jami'ar MIT ta Amurka. A lokacin kowa ya ɗauka kwamiti ya fi mutum ɗaya taka tsantsan. Sai ya tarar rukunonin da ya gwada suna zaɓar abin da ya fi kasada fiye da yadda membobinsu suka zaɓa ɗaiɗaiku. Daga baya aka gano ba kasada ce sirrin ba, domin idan membobin dama masu ɗari-ɗari ne, zaman ƙara musu ɗari-ɗari yake yi. A 1969 Serge Moscovici da Marisa Zavalloni suka gwada ɗalibai a Faransa waɗanda dama suna ɗan son shugaban ƙasarsu Janar de Gaulle, suna kuma ɗan ƙin Amurkawa. Bayan tattaunawa, son ya ƙaru, ƙin ma ya ƙaru. A 1970 David Myers da George Bishop suka raba 'yan sakandare a Amurka gwargwadon ƙyamar da suke wa baƙar fata. Masu ƙyama da suka zauna da juna sun ƙara ƙyama, marasa ƙyama sun ƙara sassauci, tazarar da ke tsakani ta buɗe, ba tare da ɓangarorin biyu sun ko haɗu ba.

A 2005 Cass Sunstein da abokan aikinsa suka maimaita gwajin a jihar Colorado da mutum kusan 60, rabi daga Boulder inda masu ra'ayin sauyi suka fi yawa, rabi daga Colorado Springs ta masu ra'ayin riƙau. Batutuwa uku aka ba su, ciki har da ko Amurka ta sa hannu a yarjejeniyar rage ɗumamar yanayi. Kusan kowane rukuni ya ƙara zurfi a inda ya faro. Akwai kuma sakamako na biyu da ba a cika ambata ba, wanda ni a wurina ya fi na farko muhimmanci: bambancin da ke cikin kowane rukuni ya ragu sosai. Sun shiga da ra'ayoyi masu kama da juna, sun fito da ra'ayi kusan ɗaya.

Kada a ce wannan ciwon jahilai ne. An bincika hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara na tarayyar Amurka, inda alƙalai uku ke zama kan shari'a, aka ga alƙalin da shugaban wata jam'iyya ya naɗa ya fi karkata ga aƙidar jam'iyyar idan sauran biyun ma irinsa ne. A wani gwajin da aka wallafa a 2000, an kafa rukunoni sama da 500 na masu taya alƙali yanke hukunci, mutum shida-shida, don su tsayar da tarar da za a ci wanda ya yi ɓarna. A kashi 27 cikin ɗari na rukunonin da suka ci tara, kuɗin da aka tsayar ya kai ko ya zarce mafi yawan abin da wani ɗaya daga cikinsu ya rubuta kafin a fara magana. Taron ya kai inda mafi zafinsu yake, wani lokaci har ya wuce shi.

Don a ga yadda abin ke tafiya, a ɗauki zauren WhatsApp na wata unguwa da ƙwacen waya ya addaba. A ce mutum 60 ne a ciki: 'yan kasuwa, malaman makaranta, direbobin adaidaita sahu, da 'yan fansho biyu-uku. Ranar Litinin kowa ya yarda da abu ɗaya, a kama ɓarayin nan a miƙa wa hukuma. Sai wani ya ba da labarin ƙaninsa da aka daɓa wa wuƙa a kan tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Wani ya ce wanda suka kama watan jiya kwana uku ya yi a hannu, ya dawo yana wucewa ta gaban shagonsa yana murmushi. Wani ya turo bidiyo daga wata unguwa. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Amma wanda ya shigo ya san labari biyu, yanzu ya san ashirin, kuma duk wuri ɗaya suke nunawa. Hujjojin ɗaya gefen, cewa ana yi wa mai bin bashi ihun ɓarawo, cewa taro ya sha kashe wanda bai ji ba bai gani ba, mutum huɗu ne watakila suka riƙe su, biyu daga ciki kuma sun zaɓi shiru. Wannan shi ne dalili na farko, kuma shi ne mafi tsafta: kowa ya ji sabbin hujjoji, ya gyara matsayinsa gwargwadon abin da ya ji. Hankalinsa ya yi aiki daidai. Abin da aka ba shi ne ba cikakke ba.

Zuwa Alhamis maganar ta koma a riƙa karya musu hannu. Nan dalili na biyu ya shigo. A taron da kowa ke ƙin ɓarayi, hanyar fita daban ita ce ka fi kowa ƙin su. Wanda ya ce "a yi musu dukan tsiya" ya samu hannun jinjina goma, wanda ya ce "a bi a hankali" bai samu ko ɗaya ba, kuma kowa ya lura. Ga kuma rashin daidaito a tsawon magana. "A kashe su" kalma uku ce. Mai cewa a tabbatar, a samo shaidu, a kira jami'ai, a bi shari'ar har ƙarshe, sai ya rubuta sakin layi guda, kafin ya gama an turo saƙo ashirin a kansa.

Dalili na uku shi ne tabbaci. Yawancin mutane suna tsayawa tsaka-tsaki ne don ba su da tabbas, ba don sun auna sun ga tsakiyar ce daidai ba. Shakka ce ke riƙe su. Idan mutum biyar da kake ganin girmansu suka ce maka "wallahi haka ne", shakkar ta tafi, ko da ba su ƙara maka hujja ko ɗaya ba. Shi ya sa 'yan amshin shata ba ado ba ne a majalisa, su ne injin.

Ranar Asabar wani ya ambaci taya da fetur. Wani dattijo ɗan fansho ya rubuta abin da kowa ya yarda da shi ranar Litinin, cewa a miƙa su ga hukuma. Amsar da ya samu ita ce: "Baba, ko yaronka na cikinsu ne?" Bai sake magana ba. Da dare ya fice daga zauren, washegari mutum uku suka bi shi.

Wannan ficewar ita ce dalili na huɗu, kuma ita ce gwajin minti 15 ba ya iya nunawa, domin a ɗakin gwaji babu mai tashi. A rayuwa kuwa masu sassauci ne ke fara gajiya. Suna da aiki, suna da iyali, ba sa son a zage su a gaban ƙannensu. Lissafin mai sauƙi ne. Idan mutum goma suna da matsayi daga 5 zuwa 9, sai masu 5 da 6 suka tafi, tsakiyar taron ta tashi sama ko da ba wanda ya canja ra'ayi. Mai 7, wanda jiya yake tsakiya, yau shi ne mai sanyi-sanyi, kuma a kansa za a fara cewa an saye shi. Ko dai ya hau 8 don ya tsira da mutuncinsa, ko shi ma ya tafi. Kamar miyar da aka manta a kan wuta ce: ba a ƙara gishiri ba, ruwan ne ke ƙonewa. Kowane zagaye yana haifar da sabon munafuki da za a kora, domin a kowane taro dole akwai wanda ya fi kowa sassauci.

Wanda ya bi tarihin Boko Haram zai gane waɗannan matakai. Muhammad Yusuf ya fara ne a cikin jama'a, yana karatu da wa'azi a masallacin Indimi a Maiduguri, inda Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ke tafsirin azumi, wato inda akwai waɗanda za su iya ce masa ka yi kuskure. Daga baya ya koma nasa wurin, Markazu Ibn Taimiyya kusa da tashar jirgin ƙasa, inda shi ke tambaya shi ke amsa. Tun a 2003 wasu matasa sun riga sun ware zuwa Kanamma a jihar Yobe, kusa da iyakar Nijar, kuma kafin shekarar ta ƙare sun fara kai wa 'yan sanda hari. A Maiduguri mabiya suka riƙa yaga takardun shaidar karatunsu, suna barin aikin gwamnati, suna aure a tsakaninsu, suna karɓar jari daga ƙungiya. Kowane ɗaya daga waɗannan yana rage mutanen waje da za ka ji ta bakinsu, yana kuma ƙara tsadar komawa. Wanda ya yaga digirinsa a bainar jama'a, yaya zai yi gobe ya ce ya sake tunani? Bayan kashe Yusuf a hannun 'yan sanda a Yulin 2009, ragowar suka shiga ɓoye ƙarƙashin Abubakar Shekau, kuma zagayen bai tsaya ba. Ansaru ta ɓalle a 2012, ɓangaren Abu Mus'ab al-Barnawi ya ɓalle a 2016, dukansu suna ƙorafin cewa Shekau ya wuce gona da iri wajen kafirta Musulmi da kashe su. Masu ɗauke da bindiga ma sun samu wanda ya fi su zafi.

Ƙofar shiga kuma ba baƙo ba ne. Ƙungiyar Mercy Corps ta tattauna da tsoffin 'yan Boko Haram 47 a rahotonta na 2016, kusan dukansu suka ce aboki ne, ko ɗan'uwa, ko abokin kasuwanci ya jawo su. Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2017, ya ji ta bakin mutum 495 da suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi da ƙafarsu a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Nijeriya. Kashi 57 cikin ɗari sun ce fahimtarsu ga littattafan addini kaɗan ce ko babu. Kashi 71 cikin ɗari sun ce wani abu da hukuma ta yi, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki, shi ya sa suka yanke shawarar ƙarshe.

Wannan adadi na ƙarshe yana hana mu sauƙaƙa magana. Zaman masu ra'ayi ɗaya ba ya ƙirƙiro alkibla, tura mutane yake yi inda suka riga suka fuskanta. Zalunci, da kisan da ba a bi kadinsa ba, da shari'ar da ba ta ƙarewa, su ke juya fuskar. Jami'in da ya harbi yaro a shingen bincike ya ba majalisa ɗari labarin da za su juya wata guda, kuma labarin gaskiya ne, babu mai sassaucin da zai iya ƙaryata shi. Gwamnatin da ke kashe kuɗi a kan wayar da kai tana barin irin wannan, shara take yi tana zubarwa a tsakar ɗaki.

Akwai bincike ɗaya da aka yi a gida wanda ya kamata duk mai shirya taron matasa ya sani. Bayan rikicin shari'a na 2000 da rikicin gasar sarauniyar kyau na 2002, garin Kaduna ya rabu, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, irin su Tudun Wada da Rigasa, Kirista kuma a kudu, irin su Sabon Tasha da Television. Alexandra Scacco da Shana Warren suka ɗauki samari 849 daga unguwannin da rikici ya fi shafa. Da ƙuri'a aka ba wasu gurbin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a ajin da aka gauraya Musulmi da Kirista, wasu a ajin addini ɗaya zalla, wasu kuma ba su shiga ko ɗaya ba. A ƙarshe aka gwada su da wasan rabon kuɗi, inda mutum ke yanke nawa zai ba wani da bai sani ba, sunansa kawai ya gani, sunan kuma ya nuna addininsa. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna abin da suke faɗa game da ɗaya ɓangaren bai canja ba. Amma 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin addini ɗaya adalci a rabo, kuma da aka bi diddigi sai aka ga dalilin: 'yan ajin addini ɗaya ne suka ƙara nuna bambanci, har suka zarce waɗanda ba su shiga shirin ba sam. Kwamfuta aka koya musu, ba wanda ya yi musu wa'azin ƙiyayya. Mako 16 na zama da naka zalla ya wadatar. Duk shirin koyar da sana'a da ake raba wa masallaci nasa, coci nata, don gudun rigima, ya kamata a sake duba shi da wannan a zuciya.

Mutane na son ɗora laifin duka a kan intanet. Stoner ya yi gwajinsa babu ita, Maitatsine ya tara dubban mabiya a 'Yan Awaki a Kano kafin tarzomar Disambar 1980 babu waya a hannun kowa. Abin da intanet ta yi shi ne cire birki. A majalisar ƙofar gida akwai fuskar mutum da kake jin nauyi, akwai kiran sallah da ke tashin zama, akwai maƙwabcin da zai tsaya ya ce ba haka aka yi ba, ina wurin. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, ba ya tashi dare da rana, kuma mai kula da shi na iya cire mai gardama da danna ɗaya. Wani binciken cikin gida na Facebook a 2016, wanda ya fito fili a 2020, ya nuna kashi 64 cikin ɗari na shiga zaurukan masu tsattsauran ra'ayi da aka duba sun faru ne ta shawarar da manhajar kanta ke bayarwa. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Gashish a jihar Filato, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook, kuma binciken BBC ya gano wani bidiyon a Kwango Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012. Kisan Gashish gaskiya ne, bidiyon ne ba na can ba. Washegari aka tare hanya aka kashe matafiya.

Maganin da ya fi zuwa a rai shi ne a sa mutane su ji ɗaya ɓangaren. An gwada, bai yi ba. Chris Bail da abokan aikinsa sun biya masu amfani da Twitter a Amurka dala 11 don su bi wani shafi da ke turo musu maganganun ɓangaren da suke adawa da shi har wata guda. Sakamakon, wanda ya fito a 2018, ya nuna 'yan jam'iyyar Republican, masu ra'ayin riƙau, sun ƙara riƙau, 'yan Democrat masu ra'ayin sauyi kuma ba su sassauto ba. A lokacin zaɓen Amurka na 2020 an rage wa mutum kusan 23,000 a Facebook abin da suke gani daga masu ra'ayi irin nasu da kusan kashi ɗaya cikin uku har wata uku, ba a ga ra'ayinsu ya motsa ba. Abin da mutum ke gani ba shi ne kan gaba ba. Su wa yake jin shi nasu ne, a gaban wa yake tsoron jin kunya, wannan ne ke motsa shi. Hujjar da ta fito daga bakin abokin gaba hari ce, kuma hari haɗa kan gida yake yi.

Shi ya sa muƙabala, yadda muke yin ta, ba ta cika canja kowa ba. Kowane malami ya zo da mabiyansa, ana kabbara idan ya yi magana, da dare kowane ɓangare ya yanko minti biyun da gwaninsa ya yi fice ya watsa a zaurukansa. An tafi da taro biyu, an dawo da nasara biyu.

Kada kuma a fahimci cewa duk zaman masu ra'ayi ɗaya sharri ne. Mutum takwas ne suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, kuma da ba su samu inda za su ƙarfafa juna ba, da maganar 'yancin talaka ta mutu a zuci. Abin da Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka nema, har da ƙuri'ar matan Arewa, a zamaninsu tsaurin ido ne, yau kuwa ba mai jayayya. Hanyar da ke ƙara wa mai neman ɗaukar fansa zafi, ita ce ke ƙara wa mai neman gaskiya ƙarfin hali. Saboda haka zafin ra'ayi kaɗai ba ya nuna taro ya lalace. Abin dubawa shi ne me ke faruwa da ɗan gida idan ya ce bai yarda ba: ana amsa hujjarsa ne, ko ana tambayar nawa aka ba shi? Ana kuma duba ko membobi na da wasu wuraren zama, ko an fara hana su gaisawa da tsoffin abokai, da kuma ko wanda ya fita yana nan da mutuncinsa.

Abin da ke aiki, gwargwadon abin da aka gwada, yana cikin tsarin zama. James Fishkin na jami'ar Stanford ya daɗe yana shirya taruka inda ake zaɓo mahalarta da ƙuri'a, a ba su takardar bayani da ɓangarorin biyu suka amince da ita, a raba su ƙananan rukunoni da mai gudanarwa wanda ba ya faɗin nasa ra'ayi. An yi irinsa a Tamale ta Ghana a 2015 kan ruwa da tsafta da abinci. A wanda aka yi kusa da birnin Dallas na Amurka a 2019 da mutum sama da 500, goyon bayan 'yan Republican ga tilasta wa baƙin haure komawa ƙasashensu kafin su nemi izinin zama ya sauko daga kashi 79 zuwa 40 cikin kwana huɗu, 'yan Democrat ma suka sassauto a wasu buƙatunsu. Mutanen iri ɗaya ne da na Colorado, zaman ne aka gina daban.

Kwamitin masallaci ko ƙungiyar unguwa ba sa buƙatar jami'a kafin su ɗauki wani abu daga nan. Kafin a buɗe magana a kan babban al'amari, kowa ya rubuta matsayinsa a takarda ba suna, a karanta duka. Wannan yana adana bambancin da minti 15 ke cinyewa, kuma sau da yawa masu shakka za su ga sun fi yawa fiye da zatonsu. Shugaba ya yi magana a ƙarshe. Wannan yana da nauyi a wurinmu, domin idan babba ya riga ya faɗi nasa, abin da ya rage wa ƙarami shi ne "haka ne, ranka ya daɗe", don haka babban ne da kansa zai ce a fara daga ƙasa. Idan taron ya wuce mutum goma sha biyu, a raba shi biyu, kowane ya tattauna daban, sannan a haɗa. Idan sun fito da amsa daban-daban, alama ce cewa wanda ya fara magana ne ya ja kowane ɗaki, ba hujja ba. Duk shawarar da ta shafi jini, ko korar mutum, ko dukiyar wani, a bar ta ta kwana. A zauren waya kuma, doka biyu sun isa: ana cire mutum don zagi, ba don saɓani ba, sannan duk wanda ya turo hoton gawa ya faɗi gari da rana da wanda ya ɗauka, in ba haka ba a goge.

Kuskuren da aka fi yi shi ne naɗa wani ya riƙa yin gardama da gangan don a ce an ji ɗaya gefen. Charlan Nemeth ta gwada wannan a 2001, ta ga mai gardamar wasa ba ya sa mutane sake tunani kamar wanda da gaske bai yarda ba, wani lokaci ma ƙara musu tabbaci yake, domin sun ji kamar sun riga sun amsa komai. Ana buƙatar na gaske, kuma ɗan gida. Littattafan sira sun kawo cewa a Badar, Hubab bin Munzir ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko wurin da aka sauka umarnin Allah ne ko dabarar yaƙi. Da aka ce dabara ce, ya ce to ba nan ya dace ba, aka kuma tashi aka koma inda ya nuna kusa da rijiyoyi. A Kaduna, abin da ya sa ake sauraren Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye shi ne kowannensu ya jagoranci matasan ɓangarensa a rikicin 1992, Wuye har ya rasa hannu. Ba wanda zai ce musu ba su san zafin abin ba.

Haka yake ga iyayen da ɗansu ya fara canjawa, ya daina cin abinci da 'yan'uwa, yana kiran kowa ɓatacce. Korar sa daga gida cika wa ƙungiyar aikinta ne, domin abin da take buƙata ke nan, ya zama ba shi da kowa sai su. Yin gardamar aƙida da shi kullum ma ba ya kai ko'ina. Abin da ya fi amfani shi ne a riƙe shi da aiki da hulɗa: ya raka kawu kasuwa, ya kai ƙanwarsa asibiti, ya ci gaba da buga ƙwallo da tsoffin abokai, a kuma samo malamin da shi yaron yake ganin girmansa, ba wanda iyayen suke so ba.

Mai cewa a'a shi kaɗai ba ya daɗewa. Idan kullum shi ne, sai a sa masa suna mai taurin kai, a daina jin sa. A gwajin Solomon Asch na shekarun 1950, an sa mutane faɗin wane layi ne ya yi daidai da wani a tsawo, bayan sauran 'yan ɗakin, waɗanda aka haɗa baki da su, sun ba da amsar da ido ke ganin kuskure ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi taro. Da aka sa mutum ɗaya tak cikin 'yan ɗakin ya faɗi daidai, bin taron ya sauko zuwa kusan kashi 5 cikin ɗari. Mutum na biyu ne ke karya abin. A zaurukanmu wannan mutum na biyu yana nan, sai dai ta bayan fage yake bi: bayan an gama yi wa mai gardama ca, sai ya tura masa saƙo shi kaɗai, "Gaskiya ka faɗa, Malam, ka yi haƙuri da su." Wannan saƙon a cikin zauren ya kamata a rubuta shi, da sunan mai shi, tun ana tsakiyar maganar.